Yadda Ake Auna Tasirin Makamashi Mai Sabuntuwa ga Tattalin Arziki

Duk mai bibiyar labaran duniya ya saba jin cewa hasken rana da iska sun zama hanya mafi araha ta samar da wutar lantarki, kuma maganar tana da tushe, domin farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, farashin batir ma ya yi irin wannan faɗuwar. A taron sauyin yanayi na COP28 da aka yi a Dubai a 2023, ƙasashe sun amince su ninka ƙarfin makamashi mai sabuntuwa sau uku kafin 2030. Sai dai wanda yake son sanin ko wani aiki zai amfani ƙasa, ko kamfani, ko masu biyan kuɗin wuta, yana bukatar ya iya karanta alƙaluman da kansa, saboda mai tallar aikin da mai sukarsa kowa yana zaɓar lambar da ta yi masa daɗi.

Abin da za ka fara rarrabewa shi ne ƙarfin tasha da yawan wutar da take bayarwa. Idan aka ce an gina tashar sola mai megawat 100, abin nufi shi ne iyakar abin da za ta iya fitarwa lokacin da rana take tsaka. Shekara tana da awa 8,760, kuma tashar sola a wuri mai rana sosai takan fitar da kusan kashi 20 cikin ɗari na abin da za ta fitar da a ce tana aiki dare da rana, wato megawat-awa 175,000 ko kusa da haka (megawat-awa ɗaya shi ne wutar da megawat ɗaya yake bayarwa cikin awa ɗaya). Tashar iskar gas mai megawat 100 ita ma, idan ta yi aiki kashi 60 cikin ɗari na shekara, za ta ba da ninki uku na wannan. Saboda haka duk rahoton da ya kwatanta tashoshi da megawat kaɗai, sai ka nemi adadin wutar da kowacce ta fitar a shekara, sannan ka raba kuɗin da aka kashe a kan wannan adadin.

Bayan haka sai ka tambayi kuɗin ruwan da aka ɗora wa bashin aikin, kuma a ganina babu tambayar da ta fi wannan nauyi, ko da yake ita ce aka fi tsallakewa. Tashar gas ko ta kwal tana cin kuɗi kullum wajen sayen abin ƙonawa, alhali tashar sola ko ta iska kusan duk kuɗinta ana kashe shi ne tun kafin ta fitar da wuta ko kaɗan, bayan nan rana da iska kyauta ne. Wannan ya sa farashin wutarta yake bin kuɗin ruwa sau da ƙafa. Ɗauki misalin bashin dala miliyan 100 da za a biya cikin shekara 20: idan kuɗin ruwa kashi 4 ne cikin ɗari, za a riƙa biyan kusan dala miliyan 7.4 a shekara, idan kuwa kashi 12 ne, biyan zai haura dala miliyan 13. Faifan ɗaya ne, ranar ɗaya ce, amma wutar ta kusa ninka tsada. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarin da aka zuba a makamashi mai tsafta ya kai kimanin dala tiriliyan 2 a 2024, kusan ninki biyu na abin da aka zuba a mai da gas da kwal, amma mafi yawansa ya tafi China da Turai da Amurka, inda bashi yake da sauƙi. Ƙasashe masu tasowa da dama sun fi su rana, sai dai masu ba da lamuni suna tsoron faɗuwar darajar kuɗinsu da kuma kamfanonin rarraba wuta da ba sa biyan bashi, don haka ka duba da wane kuɗi aka ci bashin da kuma wanda ya yi alkawarin sayen wutar.

Akwai kuma kuɗin da ba a cika rubutawa a jikin aikin ba. Rana tana faɗuwa daidai lokacin da gidaje suka fi bukatar wuta, wuraren da iska ta fi kaɗawa kuma galibi suna nesa da birane, saboda haka dole a sayi batir, a ja sababbin layukan dakon wuta, a kuma ajiye wasu tashoshi da za su cike giɓi. A Jamus, inda makamashi mai sabuntuwa ya ba da fiye da rabin wutar da aka sha a 2023, farashin wuta a kasuwar sari yakan faɗi ƙasa da sifiri a wasu ranakun da rana ta yi ƙarfi, amma duk da haka gidaje suna biyan kuɗi mai yawa, domin haraji da kuɗin layuka suna cikin takardar da ake kawo musu. Ka nemi sanin wanda zai ɗauki wannan nauyi, gwamnati ce ko mai saye.

Game da ayyukan yi, hukumar IRENA, wadda take kula da makamashi mai sabuntuwa a duniya, ta ce mutane fiye da miliyan 16 ne suke aiki a wannan fanni a 2023. Adadin yana da girma, amma ka duba inda ayyukan suke da kuma tsawon ransu. China ce take da fiye da kashi 80 cikin ɗari na masana'antun haɗa faifan sola a duniya, kuma aikin girka tasha yakan ƙare cikin 'yan watanni ko shekara biyu, a bar mutane kaɗan suna kula da ita. Garin da ya dogara da haƙar kwal ba ya samun waɗannan ayyuka haka kawai. Lokacin da Jamus ta kafa dokar daina amfani da kwal kafin ƙarshen 2038, sai da ta ware har yuro biliyan 40 don yankunan da abin zai shafa, Birtaniya kuwa ta rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe a watan Satumba na 2024. Shirin da bai faɗi makomar ma'aikatan tsohuwar sana'a ba, lissafinsa bai cika ba.

Sai kuma ka duba matsayin ƙasar a kasuwar duniya. Wadda take shigo da mai da gas tana samun sauƙi a asusun kuɗin waje duk lokacin da ta rage ƙona su, kuma tashin farashin gas da ya biyo bayan mamayar da Rasha ta yi wa Yukren a 2022 ya nuna wa Turai darajar wannan. Wadda take sayar da mai kuwa, sai ka tambayi kashi nawa na kasafin kuɗinta yake fitowa daga gare shi, da kuma ko sababbin rijiyoyin da take haƙawa za su mayar da jarinsu kafin masu saye su ragu. Ƙasashe masu ma'adinan da ake haɗa batir da su, irin su kobalt da litiyom, suna da nasu lissafin: Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango tana fitar da kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya, Ostareliya da Chile suna cikin waɗanda suke kan gaba a litiyom, amma yawancin tacewar a China ake yin ta. Idan ka ga yarjejeniyar ma'adinai, ka karanta ko ta tanadi tacewa a cikin ƙasar, ko kuwa ɗanyen dutse za a loda a jirgi a fita da shi.