Babi na Uku: Duba Lafiyar Doki a Barga

Darasi na 7: Bayan an sauke sirdi

Ɗan'uwa mai kula da dokin maigida a nan Daura, karanta a hankali. In kalma ta yi maka wuya, ɗora yatsa a kanta ka sake. Ba sauri muke ba.

An dawo daga hawan Sallar Gani, doki ya jiƙe sharkaf da gumi. Kwance majayi, wato ɗamarar da ta riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki. Ɗaga sirdin sama, kada ka ja shi. To ga babban aikin: shafa bayan dokin da tafin hannunka, daga gindin wuya har kuturi.

Da hannu, ba da ido ba. Gashi yana rufe ciwo, ido ba ya gani sai ya fashe. Hannu kuwa zai ji zafi, zai ji kumburi. In ka taɓa wani wuri ya lanƙwasa baya ko ya kwantar da kunnuwa, nan ne. Sake shafawa. Madalla, haka ake yi. Gobe da safe, kafin ka ɗora sirdi, a sake shafawa.

Nan ne kuke yawan tsallakewa, kuma na gaji da faɗa. Kwanan baya na shiga wata barga, na ɗaga jalala mai tsada, wato shimfiɗar ado ta bayan doki, sai ga gyambo ƙudaje sun yanyame shi, an laɓta masa baƙin mai na mota. Haba jama'a! Dabbar da ba ta da bakin kai ƙara? Baƙin mai ba magani ba ne. Wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, kira likitan dabbobi, kuma babu sirdi sai ya warke sarai, ko da hawa ya zo. Gaya wa maigida gaskiya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, bayansa bai warke ba."

Rubuta a littafinka sau 3: Na shafa bayansa da hannu.

Darasi na 8: Ruwa da abinci

Babban doki yakan sha lita 25 zuwa 50 a yini, jarka ɗaya zuwa biyu ke nan, lokacin bazara har ya fi. Doki ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa ya shiga, don haka shinshina harawa kafin ka zuba. Mai fumfuna a zubar. Gero da dusa kaɗan-kaɗan, ba tuli guda ba.

Ka shafa bayansa yau?

Darasi na 9: Kofato da turke

Ɗaga kowace ƙafa kullum ka cire tsakuwa. Kwashe kashi. Turke ya kasance a inuwa.