Firij ya daina sanyi, kowa sai ya ce gas ne

Jama'a wani abu na damuna duk lokacin da zafin Bauchi ya kankama, wato Maris zuwa Afrilu da rana ke kai digiri 40, da zarar firij ya rage sanyi sai ka ji an ce gas ya ƙare a kira mai gyara. Gas ɗin firij fa ba irin na girki bane da ake ƙonawa, a cikin bututu yake zagayawa a rufe, in har ya ragu to akwai inda ya huje. Duk wanda ya ɗura maka gas bai nemo inda ke yoyo ya liƙe ba wallahi kuɗinka ne kawai ya tafi, ba da jimawa ba za ka sake kiransa. Kuma ka duba takardar da ke manne a jikin kwamfuresa, wato injin da ke ƙasan bayan firij, za ka ga nau'in gas ɗin, R134a ko R600a, wanda aka rubuta shi za a zuba. R600a ɗin nan yana kama wuta, ba a kai masa wutar walda sai an fitar da shi tas.

Toh wa yake huda bututun? Yawanci mu ne da kanmu. Ƙanƙara ta taru a firiza sai a ɗauko wuƙa a hau sara, alhali bututun na nan cikin farantin alminiyon ɗin, sara ɗaya ka ji fuuu shikenan. Don Allah a daina. Cire soket, kwashe kaya, bar ƙofa a buɗe, in kana sauri sa kwanon ruwan ɗumi a ciki. In kuma an riga an huda a kashe nan take, don in ya ci gaba da aiki zai zuƙi ruwa cikin bututu ya lalata kwamfuresa, gyaran ya ninka.

Sai maganar wuta, nan ne ma aka fi cutuwa. Firij ɗinmu 220 zuwa 240 yake so, in wutar nepa ta zo ba ƙarfi za ka ga fitilar ciki na ci ka ɗauka yana aiki, amma kasa kunne a baya, za ka ji ya yi gurnani kaɗan sai ƙas, shiru, bayan ɗan lokaci ya sake. Kwamfuresa ne ya kasa tashi, barinsa a haka shi ke ƙona shi. A sa sitabilaiza mai jinkiri, wato mai ɗan jira kafin ya saki wuta, in babu to duk sanda aka ɗauke aka dawo da wuta a jira kamar minti 5 kafin a jona. Ƙaramin janareta ma haka, don lokacin tashi kwamfuresa na jan wuta ninkin wadda yake ci in yana tafiya. In wuta lafiya lau amma ƙas ɗin bai daina ba, a fara gwada rile, ɗan abu ne mai araha a jikin kwamfuresa, kar a yi saurin cewa injin ya mutu.

Wasu kuma sun manna firij da bango a lungun kicin kusa da risho, har da lulluɓa masa zane don kwalliya, ga ƙurar hunturu ta toshe ragar baya tun Disamba ba wanda ya share. Ta ina zafin zai fita? Ja shi gaba kamar faɗin tafin hannu, cire soket ka goge ragar da buroshi mai laushi. In naka ba shi da raga, gefensa ne ke ɗumi, ba matsala bane.

Hajiyoyinmu masu zoɓo da kunun aya da ruwan leda, na san ciniki ne musamman da azumi, amma cusa jarkoki da ɗuminsu har ƙofa ta ƙi rufuwa shi ke sa a kai la'asar ba abin da ya yi sanyi. A bari ya huce tukuna, a bar wa iska hanya, kar a toshe ramukan da sanyi ke fitowa.

Robar ƙofa ma a gwada ta, maƙala takardar kuɗi ka rufe, in ta zare ba wani riƙo to sanyi na gudu ta nan. Wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, in ta tsage a canza. A duba maɓallin lamba ko yara sun murɗa, a yawancin firij babbar lamba ita ce ta fi sanyi, abin da ake nema digiri 4 a firij, firiza kuma 18 ƙasa da sifili.

In a kwance aka ɗauko shi daga kasuwar Wunti ko wajen ƙaura, tsayar da shi aƙalla awa 4 kafin a kunna don man kwamfuresa ya koma mazauninsa. In duk an duba waɗannan, kwamfuresa na ta aiki ba tsayawa amma ragar baya ba ta ɗumi, ko ka ga maiƙo a mahaɗar bututu, toh yanzu kam a kira mai gyara, kuma ka ce ya nuna maka inda ke yoyo kafin ya buɗe silindarsa.