Yadda ake gwajin sikila kafin a kai kuɗin aure

Sikila, wato amosanin jini, gado ce. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ita kaɗai ba, domin yaro yana ɗaukar ƙwayar halitta ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Lafiyayyar ƙwaya ana kiranta A, ta sikila kuma S. Idan duka biyun S ne, wato SS, jajayen ƙwayoyin jininsa suna lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120.

Ku je tun kafin magana ta yi nisa, zuwa babban asibiti irin Barau Dikko a cikin Kaduna ko na Shika a Zariya. Ku ce gwajin jinotaif kuke so, wato mai nuna ƙwayoyin halitta biyun da mutum ya gada (kamar AA, AS ko SS), ba na rukunin jini ba, mutane da yawa suna haɗa su. Wanda aka ƙara wa jini ya dakata wata 3, don jinin da aka sa masa yana ɓata sakamako. Ku maimaita a wani wurin, ana samun kuskure.

AA da AS ba sa haifar SS. AS da AS kuwa, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 ya zo SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. A nan ake yawan ruɗewa: lissafin sabo yake dawowa a kowane ciki, ana iya samun SS uku a jere. AS da SS kuma, yiwuwar haifar SS ta kai kashi 50. Kada a raina AC (C wata ƙwayar halitta ce daban da A da S), in ta haɗu da AS ana iya haifar SC, shi ma nau'in sikila ne.