Darasi na 7: Nauyin da gini yake ɗauka

'Yan uwa, a darasin baya mun koyi karanta awo a jikin tef, yau kuma zamu duba nauyi. Yawancinmu anan Legas ko dai muna aikin lebura a wurin gini, ko muna haya a bene, ko muna da sito a Mile 12 ko Agege, toh babu wanda maganar nan bata shafa ba.

Kafin a haƙa fandisho injiniya yana zama ya lissafa duk abinda ginin zai ɗauka. Nauyin yana bin hanya ɗaya ne, daga dekin ya sauka kan bim, wato dogon kankaren da ke kwance ƙarƙashin dekin yana tallafe shi, daga bim zuwa fila, wato ginshiƙi, daga fila zuwa fandisho, daga nan ƙasa ta karɓa. Duk inda aka samu rauni a hanyar nan, anan matsala take farawa.

Na farko shine nauyin da baya motsi, turawa suna ce masa mataccen nauyi, wato nauyin ginin kansa: kankare, rodi, bulo, filasta, tayil, kwano. Mutane suna raina shi sosai. Kankare mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayi mita 1 yana kai kilo 2,400. Ku ɗauki biro mu lissafa tare. Ɗaki mai mita 4 da mita 3 shine murabba'in mita 12. In kaurin dekin santimita 15 ne, kowane murabba'i ɗaya kilo 360 kenan, 360 sau 12 ya bamu kilo 4,320. Buhun siminti kilo 50 ne, kunga nauyin buhu 86 kenan ke rataye saman kanku alhali ko tabarma ba'a shimfiɗa a sama ba.

Na biyu nauyi mai rai, wato wanda ke shigowa ya fita: mutane, gado, firij, kayan sayarwa. Anan nake so mu daɗe don anan mu 'yan kasuwa muke yin ɓarna ba tare da mun sani ba. Ɗakin kwana ana lissafa masa kamar kilo 150 zuwa 200 ne akan kowane murabba'in mita, wato buhun shinkafa mai kilo 50 guda 3 ko 4 kacal. Sito kuwa lissafinsa daban ne, rodinsa yafi yawa, kankarensa yafi kauri. Na taɓa shiga wani ɗaki mai murabba'in mita 12 a hawa na biyu da wani bawan Allah ya kama haya ya maida shi sito saboda kuɗin shago yayi tsada, ya jera buhuna tun daga ƙasa har sun kusa taɓa fanka, da na sauko ɗakin ƙasa sai naga filasta ta tsage tsakiyar rufin tana zubo da gari kan katifar wasu yara, wallahi ranar ban iya cin abinci ba sai da aka kwashe kayan. Nace masa Alhaji, ɗakin nan buhu 48 ne iyakarsa, shima in an baza su, kai ka zuba sama da 100. Bai sani ba ne, shi a ganinsa tunda kankare ne ai dutse ne.

Sai tankin ruwa. Lita 1 na ruwa kilo 1 ce, saboda haka tanki mai lita 2,000 tan 2 ne, nauyin buhun siminti 40 a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. In babu shi a zanen gida kada a ɗora shi tsakiyar dekin, a yi masa hasumiyarsa daban ko a kira injiniya ya nuna inda fila take. Haka babban janareta, shi ga nauyi ga jijjiga.

Akwai kuma wanda yanayi ke kawowa. Iska tana tura gini daga gefe, tana kuma ɗaga kwano sama, shi yasa farkon damina zakaga rufi ya tashi ɗungurungum in ba'a ɗaure katako da bango ba. Ruwan sama ma in magudana ta toshe ya kwanta akan dekin, santimita 10 kawai kilo 100 ne akan kowane murabba'in mita.

Ƙasar Legas ita ma sai an kula. Wajajen Lekki da Ajah yashi ne da fadama, ruwa na kusa, ba irin ƙasar da muka saba a gida ba, don haka ake gwajin ƙasa kafin gini, wani wurin sai an kafa ginshiƙai masu zurfi sosai. Mun ga abinda ya faru a Ita Faaji a watan Maris 2019, bene ya rufta da yara 'yan makaranta a ciki, da kuma bene mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard dake Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum sama da 40 suka rasu, da yawansu masu aikin gini ne irinmu. Allah ya jiƙansu. Hukumar LASBCA ce ke kula da gine-gine a jihar nan, in kaga maigida zai ƙara hawa akan tsohon bene kana da damar tambaya ko injiniya ya duba fandisho. Kuma masu aiki, sabon dekin sai yayi kwana 28 yake cika ƙarfi, dan Allah a daina tara bulo da yashi akansa washegari.

Aikin gida: ka auna tsawo da faɗin ɗakinka da tef, ka ninka su, abinda ya fito ka ninka shi sau 200, shine kilon nauyi mai rai da ake lissafa wa ɗakin. Ka rubuta amsar a littafinka, a ƙasanta ka rubuta kaya 5 mafi nauyi a ɗakin da kilon kowanne, ka zo dashi ranar Asabar.