Yadda ake ciyar da tsohuwar kyanwa mai fama da taurin bayan gida

Kyanwar da ta haura shekara 10 ta kan yi fama da bushewar ciki, kuma sau da yawa ƙarancin ruwa ne sila. Dama mage ba mai yawan shan ruwa ba ce. Idan tsufa ya taɓa ƙodarta, sai ta riƙa zubar da ruwa ta fitsari, hanji kuma ya tsotse na cikin kashi har ya ƙandare. Ga zafin Marwa da Njamena daga Maris zuwa Mayu, ga bushewar hunturu. Dabarar ita ce a shigar mata da ruwa ta cikin abinci.

Kyanwa mai kilo 4 tana buƙatar ruwa kamar mililita 200 a rana. Busasshen abincin kanti ruwansa kashi 10 ne cikin 100, na gwangwani ko na leda kuwa yana kai 75 zuwa 80. Leda uku masu giram 85 sun kusa biya mata buƙatar yini.

Kada ka sauya mata abinci dare ɗaya, gudawa za ta biyo baya ko ta ƙi ci. Kwana biyu na farko sa sabon abincin kashi ɗaya cikin huɗu, sannan rabi, har ya zama shi kaɗai cikin kwana 7 zuwa 10. Raba shi sau uku ko huɗu a rana. Kowane ci ka zuba ruwan ɗumi cokalin cin abinci ɗaya ko biyu, ka dama ya yi kamar kunu mai kauri. Ɗumin yana tayar da ƙamshi, tsohuwar mage kuwa hancinta ya rage ji.

Inda na kanti ya yi tsada ko babu shi, dafa tsokar kaza ko karfasa da ruwa zalla, ba gishiri, ba magi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. Tsince ƙaya da ƙashi tas, domin su ne ke mayar da bayan gida fari, mai tauri kamar tsakuwa. Ka ba ta har da romon. Sai dai tsoka kaɗai ba cikakken abinci ba ce, likitan dabbobi zai faɗi abin da za a ƙara.

Dafaffiyar kabewa da aka murƙushe, cokalin shayi ɗaya a kowane ci, tana taimaka wa wasu. Amma idan babban hanji ya riga ya buɗe ya saki, kabewar ƙara yawan kashin za ta yi ta tsananta lamarin. In ka ga ba sauƙi bayan 'yan kwanaki, dakata.

A lokacin zafi, abin da ta rage bayan rabin awa a zubar, a wanke kwanon. Gwangwanin da aka buɗe a rufe shi cikin firiji. Idan wuta ta daɗe da ɗaukewa, kada a ba ta. Ajiye ruwan randa mai sanyi a wuri biyu ko uku, nesa da inda take bayan gida. Robar yashin da take bayan gida a ciki ta zama mai gajeren baki, don ciwon gaɓoɓi kan sa ta riƙe kashi.

Kada ka ɗura mata man parafin ko man gyaɗa, yana iya faɗawa huhu. Ruwan maganin da ake matsa wa mutane ta dubura, mai sinadarin fosfet, yana kashe kyanwa, haka ma parasitamol. Laktulos, maganin sassauta bayan gida, yana aiki, amma likita ne ke tsayar da ma'auni.

Kwana biyu zuwa uku ba bayan gida, ko amai, ko ta daina ci yini biyu, a kai ta asibitin dabbobi. Muzurun da ke yunƙuri ba fitsari kuwa, mai yiwuwa hanyar fitsari ce ta toshe, a garzaya da shi a ranar.