Yadda na gyara matsalar jinginar motar haya a Maroko

Kamfanin haya a Marakesh ya ƙi sakin mota, alhali an biya ta intanet tun daga Yamai. Matsalar kuɗin jingina ce. Ba cire su ake ba, riƙe su ake a katin banki, kuma dole sunan da ke katin ya zama na mai permi, wato lasisin tuƙi. Nawa katin, tikitin jirgi ya cinye iyakar kashewarsa ta mako.

Na kira bankina aka ɗaga iyakar, jingina ta shiga. Kafin tashi na ɗauki hoton kowane ƙarce da allurar mai.

Lissafin hanya ma sai da na sake. Marakesh zuwa Warzazat kusan kilomita 200 ne, amma mashigar tsaunin Tishka, mita 2260, kwana-kwana ce zalla. A ware awa 4, ban da tsayawa Ait Ben Haddu, tsohon ƙauye mai gine-ginen laka da ke kusa da hanyar.