Yadda ake tattara tarihin masallaci a garin da Musulmi tsiraru ne

A garin da Musulmi ba su da yawa, jam'i kan riga gini da shekaru. Ana farawa ne a ɗakin haya, ko falon wani, ko bayan shago, mutum biyar ko shida su ja sahu. Don haka tun kafin ka rubuta komai, bambance shekaru uku: wadda aka fara jam'i, wadda aka mallaki fili ko gida, da wadda aka buɗe masallacin. Gardamar "namu ne na farko" galibi daga cakuɗa ukun nan take tasowa. A Ingila, Abdullah Quilliam ya fara tara jama'arsa a Liverpool a 1887, suka koma wani gida a Brougham Terrace a 1889. A wannan shekarar ce kuma aka gina masallacin Shah Jahan na Woking, wanda tun daga harsashi da niyyar masallaci aka ɗora shi. Kowannensu na farko ne ta wata fuska, aikinka shi ne ka fayyace ta wace.

Fara da dattawa, takardu za su jira. Bi su gida ɗaya bayan ɗaya, domin in ka tara su wuri guda, mai faɗa a ji zai cinye hirar, sauran su bi shi da "haka ne". Nemi izini kafin ka naɗi murya, ka buɗe da sunan mai magana da kwanan wata, kuma zama kada ya wuce awa ɗaya; gara a dawo karo na biyu. "A wace shekara?" ba ta cika haifar da amsa mai kyau ba. Tambayi ko an haifi babban ɗansa a lokacin, wa ya ja sallar idi ta farko, azumin shekarar cikin sanyi ya faɗo ko zafi. Ramadan yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, yana zagayowa a kusan shekara 33, saboda haka amsar tana taƙaita maka shekarun da za ka duba. Ka riƙe tsohon hoto a hannu. Dattijo zai ɗora yatsa kan fuskar wani a sahu na biyu, sunan da ya shige masa shekara arba'in ya dawo.

Kada a tsallake mata, in ya yiwu mace ta yi hira da su. Masallacin Al-Rashid da aka buɗe a Edmonton ta Kanada a 1938, Hilwie Hamdon ce ta jagoranci mata wajen tara kuɗinsa. Irin wannan aiki ba kasafai yake shiga littafin kwamiti ba.

Sai takardu: shaidar mallakar fili, izinin gini, littafin karo-karo, rajistar ɗaurin aure, da rubutun kan kaburbura. A ofishin hukuma nemi sunan ƙungiya ko na amintattun da suka sa hannu, don sau da yawa ba a yi rajista da kalmar masallaci ba. A tsofaffin jaridun Turanci gwada "Moslem", "Mohammedan" da "Mahometan", ka kuma gwada sunan mutum ta rubutu uku ko huɗu.

Allon bango mai shekarar Hijira yana yawan jawo kuskure. Ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu kimanin ta Miladiyya. Amma shekarar Hijira guda kan ratsa biyu: 1307 ta fara a Agustan 1889 ta ƙare a 1890. In ba a rubuta wata ba, sa duka biyun.

Shekarun da masallaci ya yi a rufe su ma tarihi ne. Na Woking ya daina aiki bayan rasuwar Leitner, wanda ya gina shi, a 1899, sai a 1913 Khwaja Kamal-ud-Din ya farfaɗo da shi. Haka in jama'a ta taɓa rabuwa, ji ta bakin ɓangarorin biyu, ka rubuta wa ya faɗi me.

Ɗauki hoton kowace takarda da sikana, 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto, wato yawan ɗigo a kowane inci) ga rubutu, 600 ga hotuna, har da bayansu, inda ake rubuta sunaye. Kada a liƙa salatif, kada a rufe takarda da leda a injin zafi. Mannen yana ɓata ta kuma ba ya ciruwa. Mayar wa masu ita ta asali, ka yi kwafi uku, ɗaya a ajiye nesa da masallacin saboda gobara da yoyon rufi.